Tsohuwar iPhone ko sabuwar Android: abin dubawa kafin ka miƙa kuɗinka

Tun da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa a watan Yunin 2023, sayen waya ya daina zama abin marmari, ya koma shawarar da ake kwana ana juyawa. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin waya kuwa bayan dala yake bi. Ana cikin haka hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wanda a da yake canja waya duk sallah, yanzu nema yake ya samu wadda za ta kai shi shekara uku ko huɗu ba tare da ya san hanyar mai gyara ba.

Mai matsakaicin kuɗi idan ya shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, abu biyu za a ajiye masa a kan gilashi da kuɗi kusan ɗaya: iPhone tokumbo wadda wani ya gama yayinta a Ingila ko Amurka, da sabuwar Android fil a kwalinta. Mai shago zai yi ta maganar kyamara da kyan baya. Ni kuwa tambaya ɗaya nake so mai saye ya riƙe: shekara nawa ta rage wa wannan wayar? Waya ta hanya biyu take mutuwa. Ko batirinta ya gaji, ko kamfanin da ya ƙera ta ya daina turo mata sabuntawa, manhajoji su riƙa guje mata ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da iPhone, don a nan aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Gaskiya ne Apple na daɗewa yana kula da wayoyinsa, amma lissafin daga shekarar da aka ƙera wayar yake farawa, ba daga ranar da ka saya ba. iPhone XR ta 2018 ce, kuma da aka fitar da iOS 26, sabon tsarin da ke tafiyar da iPhone, a Satumban 2025 an bar ta a baya ita da XS. iPhone 11 ta 2019 ita ce mafi tsufa da ta samu shiga, wato ita ce a bakin ƙofa. Masu iPhone 6 sun riga sun ga yadda abin yake: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da ba ta kai iOS 15.1 ba, wayoyi lafiyarsu lau suka tashi aiki. Manhajojin banki ma haka suke yi, kuma a yau wanda ba zai iya tura kuɗi da wayarsa ba kusan ba shi da waya. Don haka duk wanda ya ce lallai sai iPhone, ya fara ƙirga daga 12, in da hali 13. Ƙasa da haka suna kawai ka saya.

Sai batir. iPhone 11 tana sabuwa batirinta 3,110 mAh ne, na 12 ma bai kai haka ba, 2,815. Apple da kansa ya ce batirin waɗannan wayoyi yana komawa kashi 80 na ƙarfinsa bayan caji cikakke sau 500, abin da mai yawan danne-danne zai cinye cikin shekara ɗaya da rabi. Ka shiga Settings, ka duba Battery Health. In ka ga 78 ko 81, ka san da kuɗin sabon batir a gabanka, sai ka cire shi daga farashi. In kuwa ka ga 100 a wayar da ta shekara biyar a duniya, to kada ka yi murna, ka ƙara buɗe ido: ko an canja batirin, ko an taɓa lissafin, kuma duka biyun ana yi. A General, cikin About, wayar tana nuna tarihin kayan da aka canja mata, ta kuma faɗa idan ba ta gane batir ko sikirin ɗin da aka sa mata ba. A nan ne kuma za ka ga Carrier Lock. Matuƙar bai ce No SIM restrictions ba, wayar a ɗaure take da wani kamfanin sadarwa na ƙasar da ta fito, kuma ɗan guntun abin da ake maƙala wa layi don a yaudare ta yakan daina aiki ba sallama. Harafin farko na lambar samfurin shi ma yana magana: M sabuwa aka sayar da ita, F kamfani ya sake gyara ta, N musanya ce aka ba wani.

Akwai abin da masu sayen ta Amurka ba su cika sani ba. Daga iPhone 14 ta 2022, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da wurin sa layi kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna bayarwa, amma sai ka je ofis, kuma ranar da wayar ta mutu ba za ka zare layinka ka sa a ƙaramar waya ba. Wasu masu gyara sukan huda jikin wayar su dasa mata wurin layi. Irin wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi tunani. Ta China da Hong Kong ita ce mai cin layi biyu na gaske.

Ba wai iPhone ba ta da abin yabo ba ne. Bidiyonta har yanzu ya fi na duk wata Android mai irin kuɗinta, ba ta cika shaƙewa ba, kuma in ka tashi sayarwa ba ta faɗuwa warwas. Mai sana'ar ɗaukar bidiyon biki, ko mai sayar da atamfa da turare a Instagram da TikTok, tana da hujjar sayen 13 tokumbo mai lafiya. Amma fa gyaranta ba wasa ba ne, sikirin ɗinta na asali kaɗai zai iya sayen wata ƙaramar waya, kuma in Face ID, mai buɗe waya da fuska, ya lalace ba kowane mai gyara ke iya tayar da shi ba.

A ɓangaren Android, kasuwarmu ta Transsion ce, kamfanin birnin Shenzhen mai Tecno da Infinix da Itel, wanda kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Ba a banza ya kai nan ba. Ya lura muna riƙe layi biyu, wuta ba ta tsayawa, fatarmu baƙa ce, sai ya yi waya mai layi biyu da batir 5,000 mAh da kyamarar da ke fitar da fuskar baƙin mutum. Kwalinsa yakan zo da caja da rigar waya, yana da wuraren gyara na Carlcare a manyan garuruwa, kayan gyaransa kuwa ko a ƙaramar hukuma za a samu. Inda yake da rauni shi ne daidai inda na ce a duba: ƙananan wayoyinsa ba sa samun sabuntawa mai tsawo, ga tarin manhajojin da ba ka nema ba, ga tallace-tallace. Redmi ta Xiaomi ma ba ta tsira daga tallan ba, sai dai sau da yawa injinta ya fi ƙarfi a kuɗi ɗaya.

Samsung ne ya canja lissafin. Da ya fitar da Galaxy S24 a Janairun 2024 ya yi alƙawarin sabuntawa ta shekara bakwai, kamar yadda Google ya yi wa Pixel 8 a 2023. Wannan na masu hannu da shuni ne. Abin da ya shafi talaka shi ne Galaxy A16, ƙaramar waya da ta fito a ƙarshen 2024 da alƙawarin shekara shida. Ba ta da gudu, cajinta bai kai na Infinix sauri ba, kuma galibi kan caja daban za ka saya. Duk da haka, wanda zai saya wa mahaifiyarsa waya, ko malamin makarantar da ba ya son ya sake waiwayar kasuwa sai bayan shekaru, a ganina nan ya kamata ya fara dubawa. Pixel kuwa kyamararta abin sha'awa ce, amma ka tambayi mai gyaran unguwarku ko yana da sikirin ɗinta kafin ka ƙyasa.

Lambobin da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin kwali su ne suka fi ruɗin mutane. Idan ka ga an rubuta RAM 8+8, wato ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe manhajoji da ita yayin aiki, takwas ce ta gaske, ragowar aro aka yi daga ma'adanar waya, kuma ba ta da saurin ta asali. Kyamara mai 108MP ba lallai ta fi mai 12 ko 50 ba, girman idon kyamarar da yadda wayar ke sarrafa hoto su ne magana, shi ya sa ya kamata ka ɗauki hoto a cikin shago inda haske bai isa ba, ba a rana tsaka ba. Abin da ba a rubutawa da manyan baƙi shi ne sunan injin. Helio G85 na 2020 ne, kuma har yau ana sa danginsa a sababbin wayoyi. Helio G99 na 2022 ya fi shi sauri, ya fi shi tattalin batir, bai kuma kai shi ɗaukar zafi ba. Wannan zafin ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Apple ya ce wayarsa tsakanin digiri 0 da 35 aka yi ta ta yi aiki, Sakkwato da Maiduguri kuwa a watan Afrilu sun wuce 40, kuma babu abin da ke tsufar da batir kamar zafi. Ma'adana kada ta gaza 128GB, don bidiyon da ake turowa a zaurukan WhatsApp na dangi kaɗai ya isa ya cika 64. RAM kuma kada ta gaza 6 in da hali, 4 ita ce ƙarshen haƙuri.

5G fa? MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023, amma har yanzu a wasu unguwannin manyan birane ake samunta. In ba a irin unguwannin kake zaune ba, kada ka ƙara ko sisi dominta.

Yanzu kuma yayin ƙirƙirarriyar basira ake yi, kowace waya an liƙa mata AI a suna, tallarta kamar fim ɗin almarar kimiyya: waya tana magana, tana goge mutum daga hoto, tana naɗewa kamar takarda. Ina son irin waɗannan finafinai, amma ba da kuɗina za a gwada su ba. A 2024 wani kamfani mai suna Humane ya fito da ɗan maɓallin da ake maƙalawa a riga, AI Pin, a kan dala 699, aka ce shi zai gaji waya. Kafin shekara ta zagayo, a Fabrairun 2025, an rufe harkar, na'urorin da mutane suka saya suka daina aiki. Wayoyi masu naɗewa sun fi haka sa'a, tun Galaxy Fold ta 2019 ake yin su, Tecno ma ya fitar da Phantom V Fold a 2023, sai dai ƙurar hunturu da mahaɗin naɗi ba sa ga maciji. ChatGPT da Gemini da Meta AI kuwa ba a cikin wayarka suke aikin ba, a manyan kwamfutocin kamfanonin suke yi, kowace waya mai data za ta buɗe su. Mai sayen iPhone tokumbo ma ya sani: Apple Intelligence daga 15 Pro ya fara, 12 da 13 da 14 ba su ciki.

Sai maganar biya kaɗan-kaɗan, irin ta M-KOPA da Easybuy. Ta taimaki mutane da yawa, musamman masu POS da 'yan adaidaita da wayar ce jarinsu. Abin da nake roƙo shi ne ka ɗauki biro ka haɗa kafin alƙalami da duk abin da za ka biya har ƙarshe, ka ajiye kusa da farashin kuɗi hannu, sannan ka yanke shawara. Ka kuma sani ranar da ka saɓa biya wayar kulle kanta take yi. Wannan ne ma ya haifar da wata sabuwar damuwa ga masu sayen ta hannu: mutum ya karɓi waya bashi, ya sayar, bayan kwanaki ta kulle a hannun wanda bai ci nanin ba.

In ka haɗa duka, ga yadda nake raba su. Mai sana'ar hoto da bidiyo, iPhone 13 mai lafiyayyen batir. Mai son kwanciyar hankali na shekaru, Samsung ajin A. Wanda ke zaune inda wuta ke kwana biyu ba ta zo ba, ko inda mai gyara ɗaya ne a gari, Tecno ko Infinix mai G99 ko sama da haka, don batir da saurin caji da arhar gyara sun fi masa amfani fiye da alƙawarin sabuntawa har 2030. Ɗalibi mai son gudu da kuɗi kaɗan ya gwada Redmi. Wanda kuɗinsa iya XR ko 11 suka kai, ya haƙura da tambarin tuffa ya sayi sabuwar Android.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka bar shagon sai ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali. Ka sa layinka ka kira, ka saurari sifika, ka gwada caji, ka buɗe farin shafi ka duba ko sikirin yana da tabo ko layi. In ta hannu ce, a fita daga iCloud ko asusun Google a gabanka, a goge wayar ta tashi daga farko kana tsaye, domin wadda aka bari da asusun wani ba ta da maraba da dutse. Sannan rasit mai sunan shago da lambar IMEI da kwanan wata da kwanakin garanti. Da yadda ƙwacen waya ya yi ƙamari a Kano da Kaduna, jami'an tsaro da wannan lambar suke bin sawu, kuma wanda aka samu wayar a hannunsa shi ake fara kamawa. Wanda ya tare ka a bakin kasuwa da waya a aljihu, babu kwali babu rasit, yana cewa matsuwa ce ta sa zai sayar rabin kuɗi, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka shige ciki wurin mai shago.