Fim uku kan ɗalibai a zamanin gurguzu: wanne ya kamata ka fara saya?

Idan kuɗin faifai ɗaya ke hannunka, ko datar da za ta ishe ka sauke fim ɗaya, to ga finafinai uku da suka taɓo yadda ɗalibai suka tsaya wa juna a gabashin Turai lokacin mulkin gurguzu. Duk ukun na kalle su, kuma ba ɗaya nake ɗaukar su ba.

Na Jamus shi ne na gaba a wurina. Da sunan The Silent Revolution ake sayar da shi, 'yan Nijar kuma za su fi samunsa da La Révolution silencieuse. Lars Kraume ne ya ba da umarni, ya fito a 2018, kuma an ciro labarin daga littafin Dietrich Garstka, ɗaya daga cikin yaran da abin ya faru a kansu a garin Storkow na Jamus ta Gabas. A 1956 'yan ajin ƙarshe na wata sakandare suka ji a gidan rediyon RIAS na yammacin Berlin, wanda hukuma ba ta son a saurara, cewa sojojin Sobiyat na kashe mutane a Hangari. Sai suka yi shawara: malami zai shigo, su kuwa ba wanda zai ce uffan na minti biyu (haka yake a fim ɗin, a zahiri minti biyar ne). Shi ke nan laifinsu. Da bincike ya taso, suka ce alhinin mutuwar ɗan ƙwallo Ferenc Puskás suke yi, don an ba da labarin ya mutu, alhali yana nan da ransa. Ministan ilimi Fritz Lange ya zo makarantar da kansa, ya ce ko su fitar da wanda ya kitsa abin, ko a hana ajin gaba ɗaya rubuta jarabawar fita.

Abin da ya kama ni shi ne yadda ake kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, a tono wa kowa sirrin gidansu, a ce masa ai wane ya riga ya ambaci sunanka. Ɗan lebura da ake fatan shi zai fara shiga jami'a a zuriyarsu, me zai ce wa ubansa? Fim ɗin bai mayar da iyayen miyagu ba, tsoro ne ya cika su, kuma suna da dalili. Duk wanda ya taɓa zama a aji aka ce sai an faɗi mai laifi ko a yi wa kowa bulala, zai gane wannan hali tun daga farko. A zahiri an kori ajin, mafi yawansu suka tsere Jamus ta Yamma, don ba a gina katangar Berlin ba sai 1961, suka kammala karatu a garin Bensheim. Fim ɗin bai kai awa biyu ba, kuma malami zai iya nuna wa manyan 'yan sakandare.

Na biyu, Burning Bush na Agnieszka Holland, tashar HBO ce ta fitar da shi a 2013, kashi uku, kusan awa huɗu. Yana buɗewa da Jan Palach, ɗalibin jami'a ɗan shekara 20, da ya cinna wa kansa wuta a dandalin Wenceslas na birnin Prague ranar 16 ga Janairun 1969, watanni biyar bayan tankokin yaƙin Sobiyat da ƙawayenta sun mamaye ƙasar Cekoslobakiya. Amma kada sunan Palach ya ruɗe ka, labarin kotu ne. Wani jigon jam'iyyar gurguzu, Vilém Nový, ya yi masa ƙazafi cewa yaudararsa aka yi da wata "wuta mai sanyi" da aka ce masa ba ta ƙuna, sai mahaifiyarsa ta kai ƙara, lauya Dagmar Burešová ta tsaya mata. Sun sha kaye, har gawar Palach aka tone daga kabari a 1973. Ɗaliban suna nan a ciki, sai dai kana kallon yadda haɗin kansu ke sanyi a hankali har kowa ya kama gabansa. Holland ta yi karatun fim a Prague a daidai wannan lokaci, kuma ana jin haka a aikin. A wajen zurfi ya fi na Jamus. Sai dai yana son haƙuri, kuma ba na kallo da yara ba ne.

Children of Glory na Hangari, 2006, shi ne mai harbe-harbe da soyayya: ɗaliba 'yar gwagwarmaya, saurayi ɗan wasan ƙwallon ruwa, boren Budapest na 23 ga Oktoban 1956, sai wasan Olamfik na Melbourne da Hangari ta ci Sobiyat 4 da nema. Yana da daɗin kallo, amma soyayyar ta danne zancen ɗaliban, kuma akwai wuraren da ba za ka so kallo tare da iyaye ba. Amfaninsa shi ne ya nuna maka ainihin abin da yaran Storkow suka ji a rediyo.

Kafin ka biya, duba abu biyu. Da Jamusanci, Cek da Hangariyanci ake magana a finafinan, don haka tabbatar akwai rubutacciyar fassara ta Turanci ko Faransanci a ƙasan allo, domin faifan da aka buga don kasuwar Jamus yakan zo babu ita. Sannan faifan DVD na Turai na shiyya ta 2 ne, Najeriya da Nijar kuwa suna shiyya ta 5, sai ka tambayi mai shago ko na'urarka na karɓar kowace shiyya. Burning Bush kuma an yi masa gajeren zubi na silima. In za ka saya, nemi cikakken mai kashi uku.