Zoben lu'ulu'u ruwan ɗorawa: kyau akwai, amma ba ajiya ba ne

Duk macen da take shawarar sayen lu'ulu'u ruwan ɗorawa, ta fara tambayar kanta ko ado take nema ko ajiya. Nawa zobe ne, na saye shi a kasuwar gwal ta Deira da ke Dubai, nauyin dutsen rabin karat da ɗan ɗoriya, a kan gwal 18. Ya kwana biyu a hannuna, ya je biki ya je suna, har wanke-wanke ya sha, don haka ina da abin faɗa a kansa.

Kyau dai ba a magana. Farin lu'ulu'u walƙiya yake yi mai sanyi, wannan kuwa haskensa da ɗumi, kuma ya fi karɓar fata irin tamu. Ranar da na sha lalle na saka shi, ni kaina sai da na yi ta juya hannu. Launin ba rini ba ne. Sinadarin naitirojin ne ya shiga jikin dutsen tun yana ƙarƙashin ƙasa, shi yake shanye shuɗin haske, sai ido ya ga rawaya.

Wurin da ake cin kuɗin mutane shi ne ƙarfin wannan rawayar. Cibiyar GIA ta Amurka, mai tantance duwatsu masu daraja, tana auna farin lu'ulu'u daga harafin D zuwa Z. D shi ne fari tas, kuma duk sanda dutse ya ƙara ɗaukar rawaya, darajarsa sauka take yi har a kai Z. Da launin ya wuce Z sai lissafi ya juya, farashi ya kama hawa: Fancy Light, Fancy, Fancy Intense, har Fancy Vivid, wanda ba irinmu ke taya shi ba. Nawa Fancy ne. To, dutsen da yake can wajen X ko Y, mai araha, idan aka dasa shi a cikin ɗan ƙoƙon gwal aka kunna masa fitilun shago, wallahi sai ki rantse mai tsadar ne. Wani yaro Bahaushe da ke yi wa masu shagon tafinta ne ya matso ya ce mini a hankali, "Hajiya, takardar shaidar dutsen za ki duba, ba fitila ba." Na sa aka ɗora zoben a kan farar takarda a bakin ƙofa. Launin ya ɗan sauka, amma bai gudu ba. Sannan aka ba ni madubin ƙara girma na karanto lambar da aka zana da leza a gefen dutsen, na shigar da ita a shafin GIA na intanet, komai ya zo daidai da abin da ke takardar shaidar da GIA ta ba dutsen. Wanda bai da wannan takarda, ko nawa aka rage miki, ki bar musu kayansu, domin akwai waɗanda ake ƙara wa launi da na'ura.

Yanka ma yana da tasiri. Nawa mai kusurwa huɗu ne da gefuna a lanƙwashe, kuma irin wannan yankan ya fi riƙe launi fiye da zagayayye. Masu aikin ba sa jin asarar nauyi idan launi zai fito. Shahararren lu'ulu'u ruwan ɗorawan nan na kamfanin Tiffany, wanda aka haƙo a Kimberley ta Afirka ta Kudu a 1877, karat 287.42 ne da aka samo shi, bayan an yanka ya koma 128.54. Fiye da rabi ya tafi.

Yanzu ga abin da ban ji daɗinsa ba. Lu'ulu'u yana son maiƙo. Man shafawa, humra, man girki, duk sai su taru a ƙasan dutsen ya dushe, ya koma kamar kwalba. Sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu na bi shi da buroshin haƙori mai laushi kafin ya dawo hayyacinsa. Faratan da suka riƙe shi kuma sun ja mini zaren mayafi ba sau ɗaya ba. Kada kuma a jefa shi cikin akwati ɗaya da sauran gwala-gwalai, don ya fi kowane dutse tauri, karce su zai yi. Wani abin dariya, a gidan biki ba mai gane shi. Wata aminiyata ta kama hannuna ta ce, "Ƙawata, wannan ston ɗin ya yi kyau, a ina kika samo?" Wadda take son a gani a san ta kashe kuɗi, awarwaron gwal 21 ya fi yi mata aiki.

Babbar matsalar ita ce sayarwa. Don in ji ƙimarsa na kai shi wajen wani mai gwal a Kano. Ya ɗora a sikeli, ya ce zai cire dutsen ya miƙo mini abina, ya biya ni kuɗin gwal ɗin kawai, shi ma a farashin 18. Takardar ko kallonta bai yi ba. Ban ga laifinsa ba, gwal ya sani, giram-giram, kuma idan ya saya wa zai sayar wa? Sarƙar gwal idan ta ɓaci yau, kafin la'asar kin riƙe kuɗinki. Wannan kuwa sai kin nemi dillalin da ya san shi, kuma da wuya ki mayar da abin da kika zuba.

Ƙanwata ta ga nawa ta ce ita ma tana so. Na ce ta nemi wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Lu'ulu'u ne na gaske, taurinsu ɗaya, launinsa yakan fi nawa ƙarfi ma, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na haƙowa ba. Sauran kuɗin ta sayi gwal 21 ta ajiye.