Fim ɗin Frida: zanen ya fi labarin auren armashi

Fim ɗin Frida na 2002, wanda Julie Taymor ta ba da umarni, tarihin Frida Kahlo ne, mai zanen nan ta ƙasar Meziko da aka haifa a 1907, ta rasu a 1954. Salma Hayek ce ta fito a matsayinta, da girar nan da ta haɗe a tsakiya, kuma ta cancanci yabo.

Inda fim ɗin ya fi kama ni shi ne haɗarin 1925. Frida tana 'yar shekara 18 bas ɗin da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasa na cikin gari, wani ƙarfe ya soke ta ta ƙugu. Taymor ba ta cika wurin da ihu ba, sai ta bar garin zinariya yana zuba a kan yarinyar tana kwance cikin jini. Daga nan jinya ta kwantar da ita, iyayenta suka kawo mata kayan zane, aka kafa madubi a saman gadonta. Wanda ya ga wannan ba zai sake tambayar me ya sa ta yi ta zana fuskarta ba. Kuma a wurare da dama ana cikin wasa sai hoton ya daskare ya koma zanenta. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ta datse gashinta tana sanye da kwat irin ta maza, bayan ta kama mijinta Diego Rivera, wanda shi ma mai zane ne, da ƙanwarta Cristina.

Diegon nan kuwa shi ne ƙorafina. Alfred Molina, da ya fito a matsayinsa, ya iya wasa, ba musu, amma an ba shi fili fiye da kima. Rikicin Diego da attajirin Amurka Rockefeller a New York, kan hoton Lenin, jagoran kwaminisancin Rasha, da Diego ya saka a zanen bango har aka farfasa bangon, ya ci lokaci mai tsawo, haka zuwan Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha mai gudun hijira, Meziko a 1937. Shekarunta na ƙarshe kuma aka bi su a guje: tiyata bayan tiyata, yanke ƙafarta a 1953, da baje kolin zanenta na Meziko da ta halarta tana kwance a gado. Kuma ji 'yan Meziko suna faɗa da juna da Turanci ya ɗan rage mini daɗin kallon.

Kiɗan Elliot Goldenthal ya ci kyautar Oscar, kwalliya ma ta ci, kuma waƙar da tsohuwar mawaƙiya Chavela Vargas ta rera kaɗai ta isa a sake kallonsa. Sai dai akwai tsiraici da shan barasa sosai a ciki, ba fim ne da za a kunna a falo yara na zaune ba.