Saita fitowar sakamako a psql: abin da na gani bayan wata uku

Na daɗe ina aiki da PostgreSQL, manhajar adana bayanai a teburori, amma sai kwanan nan na zauna na gyara yadda sakamakon tambaya ke fitowa a allon psql, wato shirin da ake rubuta wa PostgreSQL umarni da shi. Abin da ya tunzura ni shi ne NULL, wato gurbin da babu wata ƙima a cikinsa. A saitin asali, gurbin da ba a taɓa cikawa ba da gurbin da aka sa masa rubutu marar harafi ko ɗaya duk fari fat suke fitowa, ido ba ya raba su. Na taɓa ɓata rabin yini ina neman kuskure a teburin masu rajista saboda wannan. Da na sa \pset null '¤' a .psqlrc, fayil ɗin saitin da psql ke karantawa in ya tashi, sai NULL ya riƙa fitowa da alamar ¤, magana ta ƙare.

Na biyun da na ji daɗinsa shi ne \x auto. Idan teburi ya fi allo faɗi, sai kowane layi ya miƙe tsaye, suna a hagu, ƙima a dama, maimakon rubutu ya riƙa karyewa yana hawa kan juna. Tsarin csv kuwa (mai raba ƙimomi da waƙafi), wanda ya shigo da siga ta 12 a 2019, ya hutar da ni sarai wajen miƙa wa abokan aiki rahoto.

Sai dai akwai inda dole a yi hattara. Tun daga siga ta 9.6, psql yana karanta .psqlrc ko da an kira shi da -c (zaɓin da ke miƙa masa umarni ya gudanar ya fita), don haka kwalliyar da ka yi wa idonka za ta iya kutsawa cikin aikin da ke gudana da kansa cikin dare. Ni yanzu duk irin wannan aiki sai na haɗa masa da -X, wanda ke hana psql karanta .psqlrc.

Kwanan wata kuma ba a nan ake gyara shi ba, saitin DateStyle ne ke riƙe da shi a ɓangaren saba, wato uwar garken da ke ajiye bayanan. In yana kan MDY (wata, rana, shekara), ka rubuta 03/04/2024 da nufin 3 ga Afrilu, zai ɗauka 4 ga Maris ne, ba tare da ya ce uffan ba. Na mayar da nawa 'ISO, DMY' (rana kafin wata) ta hanyar umarnin ALTER DATABASE, kuma sai da na fita na sake shiga sannan canjin ya kama. Rarrabuwar saitin gida biyu ita ce kawai ta ba ni wahala a farko.