Ƙa'idojin GRI a hannun mai haɗa rahoton kamfani: abin da suke aunawa da abin da suke bari

Shekaru huɗu ke nan ina cikin masu haɗa rahoton ayyukan taimakon al'umma na wani matsakaicin kamfanin sarrafa abinci a Kano, kuma a shekaru biyu na baya-bayan nan mun gina rahoton ne a kan ƙa'idojin GRI (Global Reporting Initiative), wato ƙa'idojin da kamfanoni ke bi wajen bayyana tasirinsu a kan mutane da muhalli. Kafin nan, abin da muke kira rahoto bai wuce tarin hotuna ba: ga manaja cikin babbar riga yana yanke ƙyalle a gaban rijiyar burtsatse, ga buhunan shinkafa da aka raba a watan azumi, ga yara sun yi layi riƙe da sababbin littattafai, sai kuma jimillar kuɗin da aka kashe a shafi na ƙarshe. Babu wanda ya taɓa tambayarmu ko wani abu ya sauya a rayuwar mutanen da ke cikin hotunan, mu ma ba mu tambayi kanmu ba. Abin da zan faɗa a kan waɗannan ƙa'idoji ya fito ne daga aikin da na yi da su.

GRI ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a birnin Boston na Amurka a 1997, bayan malalar man jirgin ruwan Exxon Valdez a Alaska a 1989 ta sa jama'a sun fara neman kamfanoni su riƙa bayyana ɓarnar da suke yi wa muhalli. Ta fitar da jagorarta ta farko a 2000, ta mayar da hedikwatarta Amsterdam a 2002, sannan a 2016 ta mayar da jagorar cikakkun ƙa'idoji, waɗanda aka sabunta tushensu a 2021, sabon tsarin ya fara aiki a watan Janairun 2023. Wani bincike da kamfanin KPMG ya fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na kamfanoni 250 mafiya girma a duniya suna amfani da su. Ana sauke su kyauta daga intanet, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga kamfanin da ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararru daga waje.

Tsarin kashi uku ne. Akwai ƙa'idoji uku na gama-gari da suka hau kan kowa, akwai na wasu sassan masana'antu kamar mai da iskar gas, kwal, noma da kamun kifi, da haƙar ma'adinai, sai kuma na batutuwa ɗaiɗai kamar ruwa, haraji, lafiyar ma'aikata da al'ummar da kamfani yake zaune a cikinta. Kowane bayani da ake nema yana da lambarsa, kuma a ƙarshen rahoto ana sa jadawalin da ke nuna shafin da aka amsa kowace lamba.

Mafi amfanin abin da na samu yana cikin GRI 3, ɗaya daga cikin ƙa'idoji ukun na gama-gari, inda ake neman kamfani ya fara da gano tasirin da ayyukansa na yau da kullum suke yi a kan mutane, muhalli da tattalin arziki, ya jera su gwargwadon nauyinsu, kafin ya buɗe baki ya yi maganar kyauta. Wannan ya juya mana lissafi gaba ɗaya. Da muka zauna muka jera, sai muka tarar cewa rabon kayan azumi, wanda ya saba cinye rabin rahotonmu, ba ya ma cikin manyan batutuwa. Abin da ya hau sama shi ne ruwan da masana'anta take zuƙa daga ƙasa a unguwar da mutane ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, da gurɓataccen ruwan da take fitarwa, da farashin da muke biyan manoma, da halin leburori da 'yan dakon da suke loda mana kaya kullum amma sunayensu ba sa cikin takardar albashi. Lamba 2-8 tana neman adadin irin waɗannan mutanen da ke yi wa kamfani aiki ba tare da an ɗauke su ba. Lamba 202-1 tana kwatanta albashin sabon ma'aikaci da mafi ƙarancin albashi na doka, 204-1 tana tambayar kason sayayyar da aka yi daga 'yan kasuwar yankin, 403-9 kuma tana son a faɗi raunukan da aka ji a bakin aiki. Lamba 413-2 ta fi kowacce ɗaci a bakin shugabanni, domin tana neman a ambaci wuraren aikin da suke cutar da maƙwabta ko suke iya cutar da su. Kamfanin da ya amsa waɗannan da gaskiya zai yi wuya ya ci gaba da ɓoye hayaƙinsa a bayan buhun shinkafa, kuma a nan na ba GRI cikakken maki.

Sai dai idan aka zo kan auna sakamakon aikin taimako shi kansa, ma'aunin ya gaza. Lamba 413-1, wadda ita ce ta fi kusa da abin da yawancin kamfanoninmu suke yi, tana tambayar kashi nawa cikin ɗari na wuraren aikin kamfani ne suke tuntuɓar al'umma, ko suke nazarin tasiri, ko suke da shirin raya yanki. Kamfani mai masana'anta guda ɗaya da ya kira taro sau ɗaya zai iya rubuta kashi 100 ba tare da ya yi ƙarya ba. Lamba 201-1 tana ƙirga kuɗin da aka zuba wa al'umma, 203-1 kuma tana neman bayanin gine-gine da hidimomin da aka tallafa wa tare da tasirin da suka yi ko ake sa ran za su yi, amma ba ta gindaya hanyar auna wannan tasirin ba. Hakazalika lamba 3-3 tana so kamfani ya faɗi yadda yake bibiyar ingancin matakan da ya ɗauka da darasin da ya koya, sannan ta bar masa zaɓin ma'auni. Ma'anar haka ita ce wanda ake aunawa shi ne yake zaɓar mudun da za a auna shi da shi.

Na ga illar wannan da idona lokacin da muka zagaya rijiyoyin da muka haƙa a shekarun baya. Wasu suna ba da ruwa, wasu famfonsu ya lalace tun daminar farko babu wanda aka ɗora wa alhakin gyara, guda kuma an haƙa ta ne a inda wani mai faɗa-a-ji ya nuna, nesa da gidajen da suka fi bukata. A takarda dukkansu rijiyoyi ne, kuma za mu iya rubuta adadinsu cif-cif ba tare da mun saɓa wa ko layi ɗaya na ƙa'idojin ba. Tambayoyin da suka dace, wato gidaje nawa ne suke ɗiban ruwa a yau, minti nawa yarinya take ɓatawa kafin ta cika bokiti idan aka kwatanta da da, nawa magidanci ya rage kashewa a wurin mai garuwa, duka sai da muka ƙirƙiro su da kanmu, kuma tun da ba a tattara alƙaluman farko kafin haƙa rijiyoyin ba, babu abin da za mu kwatanta da shi sai abin da mutane suka iya tunawa. A wannan fanni dokar Indiya ta fi tsauri. Dokar kamfanoninta ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin ribarsu ta shekaru uku a kan al'umma, kuma tun 2021 aka ƙara sharaɗin cewa mafiya girma daga cikinsu sai sun sa wata hukuma mai zaman kanta ta auna tasirin manyan ayyukansu.

Batun tantancewa ma yana bukatar mai karatu ya buɗe ido. GRI ba ta bin kamfani ta tabbatar da alƙalumansa, ba ta kuma ba da takardar shaidar cewa kamfani nagari ne. Lamba 2-5 tana neman a faɗi ko wani mai bincike daga waje ya duba rahoton, amma ba ta tilasta a yi hakan ba. Akwai kuma matakai biyu na amfani da ƙa'idojin: cikakken bi, mai sharuɗɗa tara, da kuma ɗaukar wasu sassa kawai a ambata cewa an dogara da su, kuma mai karatun da bai san bambancin ba zai ɗauka duka ɗaya ne. Ko a cikakken bin ma an yarda a tsallake wasu bayanai bisa dalilai huɗu, ciki har da sirrin kasuwanci da rashin samun alƙaluma, ƙofofi biyu da kowane mai son zillewa zai iya bi. Wanda yake ganin kyakkyawan rahoto shaida ce ta kyakkyawan hali ya tuna da Volkswagen, wanda ya saba fitar da irin wannan rahoto, amma a watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi.

Ta fuskar isar da saƙo, jadawalin lambobin nan yana da daɗin aiki ga banki, mai zuba jari ko ɗan jarida, domin cikin minti kaɗan za su kwatanta kamfani da kamfani, ko bana da bara. Amma mutanen da rahoton yake magana a kansu ba sa cikin masu karanta shi. An fassara ƙa'idojin zuwa harsuna da dama, har da Larabci da Faransanci, babu Hausa a ciki, kuma rahoton da ake fitarwa doguwar takarda ce ta Turanci da ke zaune a shafin kamfani. Mu dai sai da muka tsamo shafi biyu da Hausa, muka karanta a ƙofar gidan mai unguwa a gaban dattawa da wakilan mata da matasa, kuma a zaman nan ne wata dattijuwa ta gyara mana adadin rijiyoyin da muka ce suna aiki.

Aikin yana da nauyi. GRI 2 kaɗai, wadda ita ma tana cikin na gama-gari, tana da bayanai 30, kuma tattara alƙaluman ruwa, wuta da ma'aikata daga sassan da ba su saba ajiye su a tsare ba ya ci mana watanni a shekarar farko, ko da yake ta biyu ta zo da sauƙi. Kamfanin da masu zuba jari ne kaɗai damuwarsa wataƙila ya fi karkata ga wasu ƙa'idojin rahoto na daban, IFRS S1 da S2, da aka fitar a watan Yunin 2023, waɗanda Nijeriya ta bayyana aniyar ɗauka, amma su suna duban yadda muhalli da al'umma za su shafi aljihun kamfani ne, alhali GRI tana duban yadda kamfani yake shafar mutane.

Ina ba duk kamfanin da ke da masana'anta da maƙwabta shawarar ya ɗauke su, ko da zai fara da wasu sassa ne kawai, da sharaɗin ya haɗa da abu biyu da ba sa cikin kunshin: ya tattara alƙaluman yadda unguwa take kafin ya fara kowane aiki, ya kuma ware kuɗin komawa ya duba bayan shekara ɗaya da bayan uku. A kasafinmu na bana an rage kuɗin bikin ƙaddamarwa, an mayar da shi ga gyaran famfo da alawus na matasa biyu da suke zagaya rijiyoyin duk wata suna rubuta wadda ke ba da ruwa da wadda ta tsaya.