Ina Ya Kamata a Dasa Tsinken Auna Zafin Iska a Jirgin Haɗin Gida?

Cikin kayan da mai haɗa ƙaramin jirgi yake saya, irin su Van's RV ko Zenith ko Kitfox da ake turowa gunduwa-gunduwa cikin akwati daga Amurka, tsinken auna zafin iskar waje na cikin mafi ƙanƙanta. Bai kai tsawon yatsa ba, noti ɗaya ke riƙe shi. Shi ya sa ake barinsa sai ƙarshe, a nemi inda ya fi sauƙin hudawa a cusa. 'Yan uwanmu da ke aikin kanikancin ƙananan jirage a Riyad da Jidda sun san abin da ke biyo baya: allon na'urorin da ke gaban matuƙi yana nuna digiri 52 alhali sanarwar filin jirgi ta ce 44. Ni a ganina, a zaɓi wurin dasawa tukuna kafin a biya kuɗin tsinken, domin tsinke mai tsada a mugun wuri ƙarya zai yi ta faɗa.

A nan Saudiyya batun ba na ado ba ne. Ma'aunin da jirage ke aiki da shi ya ɗauki zafin iska a bakin teku digiri 15, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Duk digiri ɗaya da aka haura wannan ma'auni, inji da fiffike suna ji kamar an ƙara musu tsayin ƙafa 120. Riyad tana kusan ƙafa 2,000 sama da teku. Ranar da zafi ya kai 45, jirgin da ke titin Sumama, inda kulob ɗin jiragen sama na Saudiyya yake, zai tashi ne kamar yana ƙafa 6,000. Filin Abha kuwa ya doshi ƙafa 6,900, don haka digiri 30 kacal ya isa ya kai shi sama da 10,000. Kuskuren digiri 5 a tsinke kuskuren ƙafa 600 ne a wannan lissafi, kuma da shi matuƙi ke yanke hukuncin ko titin zai ishe shi da fasinja da cikakken tanki.

Game da tsinken kansa, zaɓin bai da yawa, domin allon da ka saya shi ke zaɓa maka. Mai Dynon SkyView zai ɗauki SV-OAT-340. Mai Garmin zai ɗauki GTP 59, in kuma ƙaramar na'urar Garmin mai suna G5 ce kawai gare shi, sai ya ƙara da ɗan akwatin GAD 13. Kada a haɗa na wannan kamfani da allon wancan sai littafin na'urar ya yarda. Akwai kuma tsohon yayi mai agogo, wanda ake sokawa ta gilashin gaba kamar a wasu tsofaffin ƙananan jirage. Ba ya son wuta ko waya, amma rana na dukansa, kuma ba ya aika wa kwamfutar jirgi komai.

Wurin da ya fi jan hankalin masu haɗi shi ne bakin ramin shan iska da ke gefen jirgi, wanda ke kawo wa matuƙi iska. Wayar gajera ce, allon na nan kusa, aikin rabin sa'a ne. Amma ramin yana bayan murfin inji, kuma iska mai zafi na tsiyayowa ta haɗin murfin tana bin jikin jirgi har cikinsa. Ƙari ga haka, gindin tsinken yana cikin ɗakin matuƙi, wanda a watan Yuli, bayan jirgi ya yini a rana, ba a iya taɓa ƙarfen bel ɗinsa. Zafin nan yana bin ƙarfe ya kai ga kan tsinken. Ban ba kowa shawarar wurin nan ba, duk sauƙinsa.

Ƙarƙashin cikin jirgi hanyar hayaƙin salansa ce, saman jirgi kuma rana ce tsagwaronta. Waɗannan biyu a manta da su.

Jela ta fi su dama, ƙarƙashin ƙaramin fiffiken baya. Akwai inuwa, kuma masu Dynon da yawa suna ajiye akwatin lissafin iska, wanda ake jona wayar tsinken a jikinsa, a bayan kujera, sai wayar ta isa ba tare da ƙari ba. Sai dai a lura da farfela. A injin Lycoming da Rotax 912, in kana zaune a kujera, farfela tana juyawa ne kamar hannun agogo, iskarta kuma tana nannaɗe jikin jirgi. Hayaƙin da ya fito ta ƙasa sai ya murɗo ya hau ta gefen hagu. Wanda ya zaɓi jela, ya sa a dama. Kafin ka huda, ka shafa farin ƙyalle a wurin bayan jirgin ya sauka, ko a wani jirgi irin naka da ya riga ya fara tashi. In ƙyallen ya ɗauko baƙin hayaƙi ko maiƙo, to zafin inji ma yana isa wurin.

Inda na fi amincewa da shi shi ne ƙarƙashin babban fiffike, can waje da iyakar iskar farfela. Inuwa ce koyaushe, babu salansa, babu zafin ɗaki. Ana yawan dasa shi a kan faifan dubawa, wato ɗan murfin da ake kwancewa a leƙa cikin fiffike, domin in ramin bai yi ba faifan kaɗai za a sauya. Amma duk shekara in za a buɗe faifan, wayar na rataye da shi, wata rana yaron shago zai fizge ta. Gara a huda fatar fiffiken dab da faifan, yadda hannu zai shiga ya ɗaure notin. A nisanta shi da fitilar sauka mai zafi, da bututun auna gudu in mai ɗumamawa ne, da bakin numfashin tanki, da zoben ɗaure jirgi inda igiya ke kaɗawa. A jirgi mai fiffike a sama kamar wasu samfuran Zenith, a guji daidai inda mutane ke wucewa, don tsinken na tsaga goshi, shi ma ya lanƙwashe.

Kuɗin wannan zaɓi yana cikin waya ne. Dole a ja ta tsawon fiffike, don haka, Malam, ka zura bututun waya tun kafin ka rufe fiffiken da rifit. In fiffikenka mai naɗewa ne kamar na Kitfox, ka bar rarar waya a gwiwa tare da mahaɗa mai kyau. Ka yi ƙarin da irin wayar da littafin ya ambata, ba wayar mota daga Sina'iyya, unguwar kanikawa, ba, domin wasu tsinkayen da ƙarfin tirjiyar wuta suke awo, mugun haɗi kuma yana sauya lambar.

Fiffiken ma yana da nasa aibin. A jirgi mai fiffike a ƙasa, tsinken yana fuskantar kwalta, kwaltar azahar kuma tana turo zafi sama. Kafin tashi ka kwatanta da sanarwar filin, ka yi lissafi da wadda ta fi yawa. A sama kuma gudu da kansa yana ɗumama tsinke: kusan digiri 1 a kilomita 185 cikin sa'a, kusan digiri 3 a 280. Ka duba littafin allonka ka ga ko yana cire wannan da kansa.

Kada a ce ai tsinke mai nuna zafi fiye da yadda yake ya fi aminci tunda zai sa a yi hattara. A gaɓar Jidda da Yanbu iska na da laima, kuma kabureta, irin ta Rotax 912, tana iya yin ƙanƙara ko da zafin waje ya haura digiri 20. A hunturun Tabuka ko saman duwatsun Asir, tsinken da ke nuna 6 alhali iska tana sifili ya ɓoye maka haɗari.

Gwaji biyu nake so a yi. Kafin dasawa, a tsoma kan tsinken cikin kofin ruwa cike da dakakkiyar ƙanƙara, ya kamata allo ya tsaya dab da sifili. Bayan an fara tashi, a riƙe tsayi ɗaya, a ƙara wuta na 'yan mintuna, sannan a rage. In lambar ta bi hannun totur sama da ƙasa fiye da ɗan abin da gudu ke kawowa, inji take aunawa, sai a toshe ramin a matsa da tsinken waje.