SVU ko CID: wanne za ka tura a filas ɗinka?

Ƙanena mai tambaya tsakanin shirye-shiryen 'yan sanda masu dogon zango, Law & Order: SVU na Amurka da CID na Indiya, wanne ya fi ɗauko abin da ya faru da gaske, ka tura SVU kawai.

Zango na 13 na fara samu, kuma da kawuna muka kalli kashi na farko a zaurensa da ke Ƙofar Soro. Tsohon magatakardan kotu ne, mutumin da ko labaran talabijin bai cika zama kallo ba, rediyo ce abokiyarsa. Labarin wata mai gyaran ɗaki a otal ne a New York, 'yar Sudan, ta ce wani babban jami'in diflomasiyyar Italiya ya yi mata fyaɗe. Ina fassara masa, ba a yi minti goma ba ya ajiye kofin shayi ya ce, kai, wannan ai Bafaranshen nan ne na asusun ba da lamuni na duniya! Kuma ya canka. Dominique Strauss-Kahn, shugaban IMF, an kama shi a watan Mayun 2011 bisa ƙarar wata ma'aikaciyar otal 'yar Gini, a watan Agusta masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar don sun ce ba su amince da maganarta ba. A watan Satumbar shekarar SVU ta fito da nata. Abin da ya riƙe kawu shi ne yadda lauyoyi suka bar wanda ake zargi suka koma tonon asirin matar, har abin da ta faɗa lokacin neman mafaka. Ya ce ya ga irin haka a kotu ba sau ɗaya ba. Ranar sai da muka makara sallar isha'i a jam'i, Allah Ya yafe mana.

Amma ka lura, suna sauya ƙasa da suna, wani sa'in su haɗa labari biyu wuri guda. A 2013 sun ɗauki kisan Trayvon Martin, yaron nan baƙar fata na Florida, suka cakuɗa da rigimar wata shahararriyar mai girki. Kar ka kalla ka je majalisa kana rantsuwa haka aka yi. Kuma ba na kallo da yara ba ne, galibinsa fyaɗe ne da cin zarafi.

CID kuwa, to, ya daɗe, daga 1998 zuwa 2018 sama da kashi 1,500. Ɗan sandansu mai suna Daya ya fasa ƙofa, a mari mai laifi, ya fashe da kuka ya amsa. Na biya kuɗin kashi hamsin, na kalli shida.

Sai batun masu turi. Wani a Babbar Kasuwa ya sayar mini da memori mai rubutun gig 64, ashe ko takwas bai cika ba, rabin finafinan suka ƙi buɗewa. Wani kuma zai ce zango ya cika, ka zo gida ka tarar kashi ɗaya aka maimaita sau uku da suna daban. Tun da SVU ta fara a 1999 yawancin zangunanta sun haura kashi ashirin, don haka duk wanda ya ba ka goma sha biyu ya ce shi ke nan, ka sa ya ƙirga. Ka je da filas ɗinka, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a gabansa kafin ka miƙa kuɗi. In Turancinsu yana yi maka sauri, ka ce ya haɗa da mai rubutu a ƙasa.